Injin da Aka Yi wa Garambawul Yana Shan Baƙin Mai: Yadda Muka Bi Sawun Man a Jos

Duk wanda ya taɓa sauke injin mota ya san irin kuɗin da aikin yake ci, kuma ya san fatan da mutum yake yi ranar da aka miƙo masa makulli, wato daga yau ya rabu da hayaƙi da ƙarin mai kowane mako. Saboda haka idan aka kai bulok wurin masu gundura, aka sa sabon fistin da ringi da metal (ƙarafunan da kuranshaf ke juyawa a kansu), aka sake gasket, sannan bayan 'yan makonni mai motar ya zaro geji ya tarar baƙin mai yana sauka kamar da, ransa yakan ɓaci matuƙa, kuma a cikin wannan ɓacin rai ne ake yanke hukuncin da ya fi kowane tsada. Idan injin mai turbo ne, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa don ta cusa ƙarin iska cikin silinda, hukuncin ba ya wuce ɗaya a yawancin garejinmu: turbo ya tafi, a nemo na Beljiyam. Na ga yadda wannan magana take cin kuɗin mutane ba tare da ta magance komai ba, kuma ina da yaƙinin cewa injin da ke shan mai yana nuna hanyar da man yake bi, matuƙar an bi shi daki-daki, an fara da awo kafin a ɗauki sifana.

Motar da nake magana a kanta tawa ce, Volkswagen Golf GTI ta shekarar 2007, mai silinda huɗu da inji lita 2, wanda yake ba da ƙarfin doki 200 da taimakon ƙaramin turbo, kuma yake fesa fetur kai tsaye cikin silinda. An sauke injin ne bayan tiyon ruwa ya fashe a kan hanya ya yi zafi fiye da kima, aka yi aikin a wani gareji a nan Jos. Abin da muka gano daga baya ba daga ƙirar motar ya fito ba, daga hannun da ya haɗa injin ya fito, kuma bayanin da zan yi ya shafi kusan kowane injin fetur mai turbo, ko na Jamus ne ko na Japan.

Matakin farko shi ne a san adadin man da injin yake sha, domin maganar "tana shan mai sosai" ba awo ba ce. Ana auna mai ne a wuri ɗaya mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, injin yana da ɗumi, bayan an kashe shi an jira mintoci kaɗan man ya koma kasko, kuma a riƙa jiran lokaci iri ɗaya a kowane awo. A cika man daidai alamar sama, a rubuta lambar kilomitar da ke kan agogo, sannan duk man da aka ƙara daga baya a zuba shi da mazubi mai awo a rubuta. Littafin da ke zuwa da irin wannan mota yana cewa inji zai iya shan mai har rabin lita a kilomita 1,000 gwargwadon yadda ake tuƙi. Wannan adadi iyaka ce ta sama, ba abin da ake fata daga injin da aka gyara da kyau ba ne. Haka kuma sabon ringi yakan bar mai ya ɗan wuce a kilomita dubu ɗaya ko biyu na farko kafin ya zauna a jikin silinda, don haka abin dubawa shi ne ko shan man yana raguwa ko yana nan yadda yake. Tawa ta wuce wannan zango tana shan kusan lita ɗaya a kilomita ɗari shida, kuma babu alamar sauƙi.

Akwai wani abu da yake rikita awo a gari mai sanyi irin namu. Injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, idan ana yi da shi gajerun tafiye-tafiye da safe daga gida zuwa ofis ba tare da ya yi zafi sosai ba, wani ɓangare na fetur yakan gangara ta gefen fistin ya gauraya da baƙin mai. Geji zai nuna mai yana nan cif, alhali fetur ne yake cike giɓin abin da ya ƙone. Ranar da aka ɗauki hanyar Abuja, man ya yi zafi na sa'o'i, sai fetur ɗin ya bi iska, geji ya faɗi lokaci guda, mai motar ya ɗauka doguwar tafiya ce ta shanye masa mai. Sansana bakin geji yana tona wannan asiri, domin warin fetur ba ya ɓuya.

Yoyo ta waje ba ta buƙatar dogon bayani, amma ba a tsallake ta. Mun wanke injin tsaf, muka cire robar da ke rufe ƙasansa wadda takan tare ɗigon mai ta hana shi isa ƙasa, muka yi tafiya, muka sake dubawa da tocila a gefen murfin bawul da bakin kuranshaf na gaba da na baya da wurin filta. Mun duba ruwan lagireto ko akwai maiƙo a samansa. Ko'ina a bushe yake. Man yana ƙonewa ne, kuma hanyoyin da zai bi ya ƙone guda huɗu ne: ta gefen ringi, ta sil ɗin bawul (robar da ke hana mai bin sandar bawul), ta cikin turbo, ko ta bututun numfashin inji.

A nan ne hayaƙi yake da amfani, amma lokacin fitowarsa ya fi launinsa faɗin gaskiya. Kowa ya san shuɗin hayaƙi na mai ne, baƙi na fetur ne da ya yi yawa, fari mai kauri kuma na ruwa ne, sai dai farin tururin da ke fita daga salansa da sassafe a watan Disamba a Jos raɓa ce kawai, yana ɓacewa da zarar inji ya yi ɗumi. Direba ba ya iya ganin hayaƙin motarsa da kyau ta madubi, dole a sami wani ya bi shi a baya da wata mota. Kuma idan motar tana da indomi mai lafiya a salansarta, wato na'urar da ke tace hayaƙi, yakan ƙone wani ɓangare na hayaƙin idan ya yi zafi, ta yadda inji zai iya shan mai mai yawa ba a ga komai ba.

Mu mutanen Filato muna da wurin gwaji da ba kowa yake da irinsa ba, wato Hawan Kibo a kan hanyar Akwanga. Idan mota tana gangarowa a giya ta uku, ƙafa ba ta kan totur, maƙogwaron inji a rufe yake, fistin huɗu kuma suna ta jan iskar da ba ta zuwa, sai a sami zuƙa mai ƙarfi a bayan bawul ɗin shigar iska. Idan sil ɗin bawul ya lalace, ko an fasa shi wajen sawa, ko ramin da sandar bawul ke kai-komo a ciki ya buɗe, wannan zuƙa za ta jawo mai ya taru, kuma da zarar an iso ƙasa an taka totur sai gajimaren shuɗin hayaƙi ya fita sau ɗaya ya wuce. Irin wannan inji yakan yi hayaƙi na 'yan daƙiƙu da safe bayan ya kwana, saboda man da ya tsiyaya cikin dare. A hanyar dawowa kuwa gwajin yana juyewa, domin a hawa turbo yana tura iska da ƙarfi, matsi a cikin silinda yana kai maƙura, kuma hayaƙin da ke bin mota ba yankewa muddin ƙafa tana kan totur yana nuna ringi ne, ko kuma mai yana shigowa tare da iskar da turbo ke turawa. Wannan hanya tana da haɗari kuma manyan motoci suna yawan samun matsalar birki a kanta, saboda haka da rana tsaka muka yi gwajin, ba tare da gudu ba. A gangara ba mu ga komai ba. A hawa akwai siririn hayaƙi. Wanda ya fi yawa kuwa shi ne wanda ke fita bayan motar ta daɗe tana silo, wato a tsaye inji yana aiki, a cunkoson Terminus cikin garin Jos, da zarar hanya ta buɗe an taka.

Wannan alama ta ƙarshe ita ce ta sa kowa ya nuna turbo da yatsa, kuma da aka cire babban tiyon da ke fita daga gare shi aka ga mai kwance a ciki, sai magana ta ƙare a wurin mutane da yawa. Wani dattijon bakanike a Farin Gada ne ya hana ni sayen wani. Ya sa yatsa ya kama sandar turbo ya girgiza ta, ya ji ɗan motsi sama da ƙasa, wanda dole ne a same shi idan babu mai a cikin bushin da sandar ke juyawa a ciki, ya tura ta gaba da baya bai ji komai ba, ya haska ya ga fanka ba ta taɓa goga jikin gidanta ba. Na ce masa, "Baba, to wannan man daga ina yake?" Ya ce, "Malam, turbo ba ya ƙirƙirar mai. Abin da famfo ya ba shi yake karɓa, kuma dole ya mayar. In ya rasa hanyar mayarwa, sai ya zubar ta inda ya samu."

Maganar nan tana da tushe a yadda aka ƙera na'urar. Tun lokacin da injiniyan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar wannan fasaha a shekarar 1905, asalinta bai sauya ba: fanka biyu a kan sanda ɗaya, hayaƙin inji yana juya ɗaya, ɗayar tana cusa iska cikin silinda. A ƙananan motoci sandar tana juyawa fiye da sau 150,000 a minti, hayaƙin da ke bugun fankar baya kuma yana iya kai zafin digiri 900. Babu robar da za ta jure wannan, don haka abin da ake kira sil a cikin turbo siririn zoben ƙarfe ne mai kama da ringin fistin, yana da ɗan giɓi, kuma babban aikinsa shi ne hana iska da hayaƙi shiga tsakiyar turbo. Abin da yake riƙe mai a ciki shi ne matsin iska a ɓangarorin biyu ya fi na tsakiya, kuma man da ya gama aikinsa ya sami buɗaɗɗiyar hanya ya gangara zuwa kasko. Mai yana shiga turbo da ƙarfin famfo ta siririn bututu, amma yana fita ne da nauyinsa kawai, ya zama kumfa, shi ya sa bututun fitar ya fi na shigar faɗi nesa ba kusa ba. Lamarin kamar kwatar gida ce da damina: idan ta toshe, ruwa zai shiga ɗaki ta ƙarƙashin ƙofa, kuma sauya ƙofa ba zai hana shi ba. A lokacin silo matsin da ke ɓangarorin biyu yana ƙasa ƙwarai, don haka a lokacin ne man da ya taru yake samun damar tsallake zoben. Ga dalilin hayaƙin cunkoso.

Abubuwan da ke hana man gangarawa sanannu ne. Bututun ya lanƙwashe ko ya toshe da dattin mai da ya ƙone, ko an cika kasko da mai fiye da alama, ko matsin da ke cikin injin ya yi yawa yana tura man baya. Akwai kuma filtar iska da ta toshe, abin da ƙurar hunturu take yi mata cikin ɗan lokaci, domin idan fankar gaba tana jan iska ba ta samu, sai ta jawo mai ta gefen zoben. Filtarmu sabuwa ce. Da Baba ya kwance bututun mayar da mai daga ƙasan turbo, sai ga abin a fili: wanda ya haɗa injin bai sa gasket ɗin ƙarfe da ya kamata ba, ya shafa jan gam mai kauri a madadinsa, da ya ɗaure kusoshi gam ɗin ya matso ciki ya daskare ya zama zobe, ramin da ya kamata babban yatsa ya kusa shiga ya koma da ƙyar fensir zai wuce. Wani guntun gam ɗin ma ya tsinke yana lilo a cikin bututun. Na tsaya a kan wannan domin yawan shafa gam ya zama ɗabi'a a garejinmu, kuma guntayensa ba a nan kaɗai suke tsayawa ba, sukan taru a ragar famfon mai su rage wa metal da turbo man da suke rayuwa da shi. Da an sa wani turbo a kan wannan bututu, da shi ma ya fara zubar da mai cikin mako ɗaya, a ce wanda aka sayo ne ba shi da kyau.

Kafin mu rufe, mun gwada numfashin injin. Kowane inji, komai lafiyarsa, wani ɓangare na iskar da ta ƙone yana kuɓucewa ta gefen ringi ya shiga ɗakin da kuranshaf ke juyawa, kuma dole a fitar da ita. A injin turbo hanyar fitar biyu ce. Lokacin silo zuƙar inji ce take janye ta ta bawul ɗin da kanikawa ke kira PCV, amma idan turbo ya fara tura iska, wannan hanya dole ta rufe don kada matsin ya koma cikin inji, sai iskar ta bi ta biyu zuwa bakin turbo. Idan robar cikin bawul ɗin ta yage, zuƙa takan yi yawa har murfin zuba mai ya yi wuyar cirewa inji yana aiki, a ji fito, silo ya rikice, mai kuma ya riƙa bin iska zuwa silinda. Idan kuma ɓangaren da ke hana iska komawa ne ya lalace, matsin turbo zai shiga cikin inji ya turo mai ta kowane sil, ya kuma tare wanda ke gangarowa daga turbo. Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Doguwar tiyo ce mai haske, a lanƙwasa ta ƙasa a zuba ruwa kaɗan a gindinta, a haɗa baki ɗaya da ramin geji a bar ɗayan a buɗe. Idan ruwan ya ɗan matso wajen inji a lokacin silo, lafiya lau ne. Idan aka tura shi waje, akwai matsi a ciki. Tiyon ta zama doguwa sosai, a kuma tsaya da shirin matse ta, domin idan robar ta yage zuƙar za ta iya shanye ruwan cikin inji. Namu ya nuna 'yar zuƙa daidai yadda ake so.

Bayan an sa gasket na gaskiya, hayaƙin cunkoso ya ɗauke, tsohon turbo ya ci gaba da aikinsa, shan mai kuma ya ragu da kusan rabi. Amma bai tsaya ba, kuma siririn hayaƙin nan na hawa yana nan. A daidai wannan gaɓa ne mutane da yawa suke cewa a zuba mai mai kauri, 20W-50, ko a ƙara masa maganin gwangwani mai kama da zuma. Ina adawa da wannan shawara ƙwarai. Mai kauri yana iya rage hayaƙi, amma ba ya gyara abin da ya lalace, kuma da sanyin safiyar Janairu yakan ɗauki lokaci kafin ya isa bushin turbo ta wannan siririn bututu. Wannan inji an ƙera shi ne don mai irin 5W-40 mai lambar amincewa ta VW 502 00, kuma ya kamata a saye shi a wurin da aka amince da shi, ganin yadda jabun baƙin mai ya yi yawa a kasuwa. Barin injin turbo yana ƙona mai kuwa ba asarar kuɗin galan kaɗai ba ce. Turirin mai a cikin silinda yana rage wa fetur juriyarsa, ya sa wuta ta tashi kafin lokacinta, ga shi kuma an yi motar don fetur mai oktan 95 zuwa sama (oktan shi ne ma'aunin wannan juriya), wanda na gidajen manmu bai cika kaiwa ba. Bugun da irin wannan wuta take haifarwa shi ne yake fasa gefen fistin a tsakanin ramukan ringi.

Sai muka koma kan fulogi, kuma su ne suka raba gardama. Uku sun fito a bushe da launin ƙasa mai haske, na silinda ta uku kuwa ya fito da jiƙa a zarensa da ɓawon toka a bakinsa. Man da ya zo ta turbo ko ta numfashin inji yana bin iska ne ya rabu ga dukkan silinda, saboda haka fulogi ɗaya tak da ya bambanta yana nuna matsalar tana cikin wannan silinda kanta.

Mun yi awon matsin silinda, kuma a nan akwai abubuwa biyu da ya kamata mai mota ya sani kafin a ruɗe shi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, inda nauyin iska ya yi ƙasa da na bakin teku da kusan kashi 13 cikin ɗari, don haka inji mai cikakkiyar lafiya zai nuna lamba ƙasa da ta littafi, ƙasa kuma da abin da zai nuna a Legas. Abin lura shi ne bambancin da ke tsakanin silinda da silinda, wanda bai kamata ya wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci: awon matsi yana gwada ringin sama ne, ba ya cewa komai game da ringin da ke share mai. Hasali ma silindar da mai ya jiƙa takan nuna lamba mai kyau, domin man yana toshe ƙananan giɓi. Dukkan huɗun sun fito kusan daidai. Muka cusa iska ta ramin fulogi, fistin yana can sama bawul duka a rufe, muka saurara a bakin salansa da maƙogwaron inji da ramin zuba mai, muka duba lagireto ko zai yi kumfa, iskar da ke tsira ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya dogara da waɗannan gwaje-gwaje biyu kaɗai zai rantse ringi ba su da laifi.

'Yar kyamarar nan mai doguwar waya da ake haɗawa da wayar hannu ita ce ta nuna sauran. Kan fistin na ɗaya da na biyu da na huɗu yana da busasshen baƙi ko'ina, na uku kuwa yana sheƙi da jiƙa, kuma gefensa duka ya yi fes kamar an goge, alamar mai yana tasowa daga ƙasa yana wanke shi. Don mu cire sil ɗin bawul daga zargi, muka kwance bututun shigar iska muka haska bayan bawul na wannan silinda, sandunansu a bushe suke, abin da ya dace da sakamakon gangarar Hawan Kibo. A lokacin ne kawai na yarda a sake buɗe inji, domin yanzu mun san silindar da za mu nufa da abin da za mu duba.

Ba sai da aka sauke injin gaba ɗaya ba. An cire tof, wato kan inji, da kaskon ƙasa da famfon mai, aka turo fistin ta sama. Kowane fistin yana da ringi uku. Na sama yana riƙe matsi, na ƙasa yana share yawancin mai ya mayar da shi ta ramuka, na tsakiya kuwa, duk da ana lissafa shi cikin masu riƙe matsi, babban aikinsa shi ne kankare ragowar man da ya tsere wa na ƙasa. Fuskarsa a ɗan karkace take, ta yadda idan fistin yana hawa zai zame a kan man, idan yana sauka kuma kaifin gefensa na ƙasa ya kankaro shi. Saboda haka ne ake buga masa ɗigo ko rubutu a gefen da zai kalli sama. A fistin na uku wannan alama tana kallon ƙasa. Ringin yana kankarar mai zuwa sama a kowane hawa, sau dubbai a minti, ringin sama kuma yana riƙe matsi yadda ya kamata, shi ya sa awo bai nuna komai ba. Baba ya ɗora shi a tafin hannuna ya karkata shi ga hasken rana, sai ga siririn layi mai sheƙi a gefen da bai kamata ya goga ba.

Tun da an riga an buɗe, mun zaro sauran ukun mun duba. Mun tabbatar bakin ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke tsakiyar ringin mai bai hau kan ɗan'uwansa ba, domin wannan ma kuskure ne da ake yawan yi kuma sakamakonsa ɗaya ne. Mun sa kowane sabon ringi a cikin silinda mun auna giɓinsa da fila geji, mun rarraba giɓin a kewayen fistin. Mun duba zanen da dutsen gogewa ya bari a jikin silinda, layukan nan masu gicciye juna waɗanda suke riƙe ɗan mai kuma suke cin ringi har ya zauna. An sake bin su da dutse sama-sama, aka rufe kuranshaf, aka wanke silinda da ruwan zafi da sabulu da buroshi har farin ƙyalle ya fito ba baƙi, domin fetur kaɗai ba ya fitar da garin dutsen daga cikin zanen. Kusoshin tof da na sandar fistin a wannan inji irin waɗanda suke miƙewa ne idan aka ɗaure su, sau ɗaya ake amfani da su, don haka sababbi muka saya. Ra'ayina shi ne kanikawanmu ba basira suka rasa ba, da yawansu suna gane ciwon inji da kunne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan awo, da rufaffen wuri mai tsabta da za a haɗa inji ba a fili cikin ƙura ba, da kuma masu mota da za su yarda su biya kuɗin lokacin da awo yake ci maimakon su riƙa kiran waya suna tambayar yaushe za a gama.

Akwai al'adar barin sabon inji yana silo wuni guda, wai ana yi masa sitimin don ya zauna. Wannan yana cutar da ringi. Ba taurin ƙarfensa kaɗai ne yake manna ringi da bangon silinda ba, matsin wutar da ke shiga bayansa ne yake tura shi waje, kuma a silo wannan matsi kaɗan ne. Sakamakon haka zanen silinda yakan cike da ƙonannen mai ya yi santsi kafin ringi ya zauna, injin ya ci gaba da shan mai har ƙarshen rayuwarsa ko da an haɗa komai daidai. Da injin ya yi ɗumi muka tabbatar babu yoyo, sai muka ɗauki hanyar Mangu, ana takawa matsakaici a giya ta uku da ta huɗu, a ɗaga ƙafa a bar inji ya riƙe motar, a sake takawa, ba tare da an kai shi ƙarshen ƙarfinsa ba kuma ba tare da an tsaya a gudu ɗaya na dogon lokaci ba. An yi juyen baƙin mai da sabuwar filta da wuri don a fitar da garin ƙarfen farko.

Kafin wannan tafiya mun cire lagireton iska da ke gaban mota, mai sanyaya iskar da turbo ke turawa, da dukkan tiyoyinsa mun wanke man da ya kwanta a ciki, domin idan aka bar shi zai ci gaba da shiga silinda ya sa a ɗauka gyaran bai yi ba. Wanda ya jiƙa salansa ba shi da magani sai ya ƙone da kansa, kuma ya ɗauki 'yan kwanaki yana wari kafin ya ƙare. Yanzu geji ba ya sauka fiye da kwata na tazarar da ke tsakanin alamomi biyu daga juye zuwa juye, kuma ina ci gaba da rubuta awon a littafin da ke cikin mota. Na'urar da ke auna iskar oksijin a salansa ita ce ba ta tsira ba, tokar man da ya ƙone a waɗancan watanni ta rufe bakinta, dole muka sauya ta.